Gayaunar Yaya a Rumbun Haya

Shekarar da na bar aikin rediyo na dawo Funtua, ƙungiyar manoman yankinmu ta nemi in riƙe mata aikin sakatariya. Ba don na san noma ba. Dalilinsu shi ne na iya kwamfuta, kuma na saba rubuta magana yadda aka faɗe ta, ba ragi ba ƙari. Na karɓa, saboda ofishin ba shi da nisa da gidana, kuma zaman gida haka kawai bai karɓe ni ba.

Na tarar da ƙungiyar tana da wata dukiya da ba kowa ya san darajarta ba. Shekaru kafin zuwana, wani shiri na tallafa wa manoma ya shigo yankin, ya raba wa malaman gona wayoyi. Kowace damina suna bin gonaki daga wajen Danja har Kafur, suna rubuta abin da aka shuka a kowace gona, da irin da aka yi amfani da shi, da abin da aka girbe. Duk abin da suka rubuta yana tafiya wani rumbun bayanai. Rumbun ba a ofishinmu yake ba. Yana cikin wata babbar kwamfuta a wata ƙasa mai nisa, shirin ne ya kama hayar wurin, mu kuma aka ba mu kalmar sirri muna leƙawa ta intanet. Masu wannan sana'a suna ce masa gajimare. Ni dai rumbun haya nake ce masa: hatsin namu ne, amma ginin da kwaɗon na wani ne.

Ana cikin kaka sai saƙo ya zo cewa shirin ya kai ƙarshen wa'adinsa, za a rufe rumbun a ƙarshen wata. Abin da muka kwashe namu ne, abin da muka bari za a share.

Shugaban ƙungiyar, wanda kowa ke kira Alhaji, bai ga abin tayar da hankali ba. A shafin da muke leƙawa akwai wani maɓalli da ke fitar da rahoto. Ya sa an danna, an kai shagon buga takardu, an ɗinke da bango mai kyau. Ya ajiye min kundin a kan tebur ya ce, "Hajiya, ga gonakinmu nan mun kwaso. Su rufe rumbunsu, su sha ruwa."

Ni ma a lokacin ban ga aibun kundin ba. Yayata ce ta sa na gani.

Yaya ta girme ni sosai, ita ta goye ni. Tana aure a wani ƙauye a hanyar Tsiga, kuma bayan rasuwar maigidanta ta ci gaba da zama a gidan tare da 'ya'yanta. Gidan na gandu ne, wato babbar gonar gida ɗaya ce, kowa yana aiki a ciki, maigida ne ke magana da yawun kowa. Maigidan yanzu shi ne ƙanin mijinta, wato Alhajin nan dai shugabanmu. Amma ban da gandu, Yaya tana da gayaunarta, 'yar gonar da marigayi ya yanka mata tun tana amarya, wadda abin da ta noma a ciki nata ne ita kaɗai. A nan take juya shuka, bana masara, baɗi waken suya, ba ta taɓa maimaita abu ɗaya damina biyu a jere ba.

A wannan kakar wani kamfanin iri yana neman manoman da za su noma masa irin waken suya a damina mai zuwa. Wanda aka ɗauka ya huta da neman mai saye, kuma sunansa ya shiga cikin masu noman iri, abin da Yaya ta daɗe tana buri. Sharaɗinsu shi ne a nuna tarihin gonar kamar yadda malaman gona suka rubuta a lokacin da aka yi shukar, ba labarin baki ba. Suna so su tabbatar ba a shuka wani nau'in wake a wurin ba a daminar da ta wuce, don kada ragowarsa ya tsiro ya gauraye da nasu.

Ran kasuwa Yaya ta shigo gidana, ta ajiye ƙullin kuɓewa busasshiya, ta ƙi zama a kujera, ta zauna a tabarma.

Ta ce, "'Yar rediyo, takardarku ta yi min ƙarya."

Na ce, "Yaya, a sha ruwa tukuna."

"Na sha a tasha. Mutumin kamfani ya buɗe littafin nan naku, ya ce gidanmu kowace shekara wake muke shukawa, har kala biyu. Ya ce gonar ba ta cancanta ba. Na ce masa wannan gonar Alhaji ce, tawa daban. Ya ce shi gida ɗaya ya gani a takarda. To ni ina nake a ciki?"

Na ɗauko kundin na duba. Gaskiyarta. Rahoton gida-gida yake tafiya. Duk gonar da ke ƙarƙashin maigida ɗaya an haɗe ta wuri guda, an sa sunansa a sama. Gandu da gayaunar mata da ta ƙanne duk sun narke sun zama layi ɗaya. Wanda ya tsara rahoton bai yi da mugunta ba. Ranar da aka zo tambaya, magidanta ne suka amsa, kuma in ka tambayi maigida gonar wa ce, zai ce ta gidanmu ce, bai kuwa yi ƙarya ba. Amma na tuna malaman gona suna tsayawa a kowace gona daban, suna tambayar wa ke noma ta. Ke nan bayanin yana nan a wani wuri, rahoton ne bai fito da shi ba.

Na nemi lambar matar da ta gina rumbun, wata injiniya da ke zaune a Zariya. Ta riga ta koma wani aikin, amma ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Mama, abin da kuka buga taƙaitawa ce kawai. Kamar kanun labarai ne, ba labaran ba."

Na ce, "To wannan yaren na iya shi. Ina cikakken labarin?"

Ta yi min bayani a hankali. A cikin rumbun akwai jadawali huɗu. Na farko na gidaje ne, na biyu na mutanen kowane gida, na uku na gonaki, na huɗu na abin da aka shuka kowace damina. Ba a maimaita suna a ko'ina. Kowane gida yana da lamba, kowane mutum da lamba, kowace gona da lamba, kuma da lambobin nan jadawalin suke riƙe da juna. A jadawalin shuka ba za ka ga sunan kowa ba, lambar gona kawai za ka gani. Sai ka ɗauki lambar ka je jadawalin gonaki, ya ba ka lambar mai noma ta, ka je jadawalin mutane, sannan ka ga suna. In ka kwaso ɗaya ka bar sauran, ka kwaso tulin lambobi marasa ma'ana.

Na ce, "Ke nan duka huɗun zan fitar."

"Duka, Mama. Amma kalmar sirrinki ta leƙe ce, ba ta fitarwa. Babban izini yana hannun shugabanku. In an shiga da shi, za a turo wasu lambobi zuwa wayarsa, sai an sa su ƙofa za ta buɗe."

Washegari na hau motar ƙauyen. Na tarar ana casar wake a ƙofar gida, Alhaji yana zaune a kan buhu yana duba aiki. Yaya ta fito da lulluɓinta ta tsaya daga gefe. Tsakaninsu akwai wasan nan na matar wa da ƙanin miji, wanda tsufa bai rage masa komai ba.

Da na gama bayani, Alhaji ya ce, "Yanzu duk wannan wahalar saboda gonar da ba ta kai shimfiɗar tabarma ba?"

Yaya ta ce, "Tabarmar nan ce ta ba ka irin masarar da kake taƙama da ita a kasuwa."

"Aro na yi."

"Shekara nawa ke nan? Ko aron da ba a mayarwa ne?"

Ya yi dariya ya juyo gare ni. "Hajiya, kin ji matar nan. Na ce mata ta bari in shigar da ita da sunana, ta ƙi."

"Da sunanka? In wake ya yi kyau a ce Alhaji ya iya noma, in ya lalace a ce tsohuwa ce ta ɓata. A'a, kowa ya tsaya a kunyar gonarsa."

Na bar su suka gama, sannan na faɗa masa abin da na san zai shige shi. Na ce ba gayaunar Yaya kaɗai ce ta ɓace a kundin ba. Duk ƙanin da ke da gonarsa a cikin gandu, duk matar da ke da tata, babu su. Ranar da aka raba wani gandu, ko wani ya nemi shiga wani shiri da gonarsa, ƙungiya ba ta da abin nuna masa. Kuma bayan ƙarshen wata babu inda za a koma a ɗauko.

Ya murza ƙwayar wake a tafinsa. Ya ce, "To ba ni da ta cewa. Gobe zan shigo gari."

Ya shigo kuwa. Muka shiga da babban izini, lambobi suka zo wayarsa, ya karanto min. Fitarwar hawa biyu ce. Da farko rumbun yana zuba jadawalin a wata ma'ajiya ta wucin gadi da ke can wurinsu, daga nan sai ka sauko da shi zuwa kwamfutarka. Na fitar da jadawalin gidaje da na mutane da na gonaki, sai sabis ya ɗauke. Muka jira har la'asar bai dawo da ƙarfi ba. Alhaji yana da ɗaurin aure a Malumfashi, bai samu dawowa ba sai bayan kwana biyu, sannan na fitar da na shuka.

A rediyo an koya mana cewa ba ka ɗauki hira ba sai ka mayar da faifan ka ji da kunnenka. Saboda haka na zauna na gwada haɗa jadawalin da juna. Sai na ga layuka da yawa a jadawalin shuka suna ɗauke da lambobin gonakin da babu su a jadawalin gonaki. Shuka ce a gonar da ba ta wanzu ba. Na kira Injiniya.

Ta ce, "Rana ɗaya kika fitar da su?"

Na ce a'a.

"Shi ne. Kaka ake ciki, malaman gona suna ta shigar da girbi, suna ƙara gonakin da aka manta. Kin ɗauki ɗaya kafin su rubuta, ɗaya bayan sun rubuta. Dole duka su zama na lokaci ɗaya."

Ta ce akwai hanya biyu, kuma gara in yi duka. Ta farko ita ce a ɗauki rumbun ɗungurungum a fayil ɗaya, wanda yake kama komai yadda yake a daidai lokacin da aka danna, ko ana rubutu ko ba a yi. Wannan shi ne na ajiya, da shi za a iya sake gina rumbun a wani wuri, amma mutum ba ya iya karanta shi da ido. Ta biyu ita ce jadawali ɗaya bayan ɗaya, irin wanda mutumin kamfani zai iya buɗewa. Wannan kuwa sai an samu lokacin da babu mai rubuta komai a ciki.

Na tura wa malaman gona saƙo cewa su dakata da shigar da bayani na yini guda. Wasu suka amsa, wasu suna cikin gonakin da saƙo ba ya isa, kuma wayoyinsu suna tara abin da suka rubuta ne, da sun hau tudu sun samu sabis sai su tura da kansu. Wani ma ya kira ni ya ce, "Hajiya, an ce mu gama kafin ƙarshen wata, ke kuma kin ce mu tsaya. Ta wa za mu bi?" Ban ga laifinsa ba. Kwanaki kuma suna tafiya.

Ina shanya wanki ranar Alhamis dabara ta faɗo min. Malaman gonarmu duka maza ne. Akwai lokaci ɗaya a mako da ba sai na roƙi kowa ya ajiye waya ba. Tun hantsin Juma'a suke barin gona su koma gida, abin da wayoyinsu suka tara ya riga ya tafi. Da an fara huɗuba kuwa, daga Danja har Kafur babu mai taɓa waya. Sabis ma yakan saki a wannan lokacin, don rabin gari ya daina kira.

Saura matsalar wayar Alhaji. Na same shi da safiyar Juma'a a ofis na ce ya bar min ita.

Ya ce, "Wayata? In bar miki?"

"Ai a masallaci kashe ta kake yi."

"Haka ne. Amma in matan gida suka kira suka ji muryar mace fa?"

Yaya, wadda ta biyo motar safe don ta ce sai ta ga abin da idonta, ta ce, "Kawo ta nan. Duk wadda ta kira ni zan amsa, in ce mata ka tafi neman ta huɗu."

Ya miƙa mata wayar yana girgiza kai, ya ce, "Allah ya shirye ki, matar yaya." Ya gyara babbar rigarsa ya fita.

Muka zauna mu biyu a ofis. Titi ya yi tsit, masu shaguna sun ja ƙofofi, sai muryar liman daga lasifika can nesa. Na shiga da babban izini. Wayar ta yi ƙara a hannun Yaya. Ba ta karanta boko, amma ta san lambobi sarai, ta karanto min su ɗaya bayan ɗaya da muryar mai sanarwa, tana kwaikwayona. Ƙofa ta buɗe.

Na fara da ɗaukar rumbun ɗungurungum. Sannan na bi jadawalin a jere, gidaje, mutane, gonaki, shuka, ban tsaya duba komai ba sai da na huɗun ya faɗa ma'ajiya. Na duba lokacin da aka yi rubutu na ƙarshe a rumbun, na ga tun kafin azahar ne. Babu wanda ya shigo tsakani. Daga nan na fara sauko da su. Layin da ke nuna ci gaban aiki yana tafiya ba tsayawa, abin da ban taɓa gani ba a wannan ofis. Ana sallame salla fayil na ƙarshe ya sauka.

Yaya ta ce, "Shi ke nan? Ban ji komai ba."

Na ce, "Matso ki gani."

Na buɗe jadawalin mutane na nemo sunanta, na nuna mata lambarta. Na kai lambar jadawalin gonaki, gona ɗaya ta fito, an rubuta gayauna a gefenta. Na kai lambar gonar jadawalin shuka. Layuka suka jeru, damina bayan damina. Na karanta mata: masara, waken suya, masara, waken suya, sannan masara a daminar da ta wuce. A ƙarshen kowane layi akwai ranar da malamin gona ya tsaya a wurin ya rubuta.

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ce, "Shekarar wake ta biyun nan ce aka yi min ɓarnar awaki. An rubuta?"

Na duba. An rubuta.

Ta ce, "To wannan ya san ni."

Na sake gwada haɗa jadawalin gaba ɗaya. Kowace shuka ta sami gonarta, kowace gona ta sami mai ita, kowane mutum ya sami gidansa, babu layin da ya rage a rataye. Na kwafe komai a filash biyu, ɗaya na ofis, ɗaya na ajiye a gida. Na tura wa Injiniya babban fayil ɗin, ta ɗora shi a kwamfutarta don gwaji, ta kira ni kafin magariba ta ce ya tashi lafiya, komai yana wurinsa. Sai a lokacin na koma ma'ajiyar wucin gadi na share abin da muka zuba, don akwai sunayen mutane da lambobin wayarsu a ciki, bai kamata a bar su a hanya ba. Injiniya ma ta share nata.

Tun da rana, da Alhaji ya dawo daga sallar Juma'a, Yaya ta miƙa masa wayarsa ta ce babu wadda ta neme shi, ya yi haƙuri. Na juya masa allon, na nuna masa gidansu a warware: gandu daban, gonar ƙaninsa daban, ta babban ɗansa daban, gayaunar Yaya da ta matansa kowace da tarihinta. Ya sa tabarau ya bi su da yatsa. Ya ce, "Ashe haka muke da yawa." Ya umarce ni in fitar wa kowane mai gona takardarsa shi kaɗai, kuma a sanar a taron wata.

An rufe rumbun a ranar da aka ce. Na gwada shiga washegari, shafin ya ce babu wannan wuri. Na rufe kwamfutar na ci gaba da buga takardun mutane.

Mutumin kamfani ya karɓi takardar Yaya, ya nemi ganin jadawalin da aka ciro ta, na buɗe masa ya bi lambobin da kansa. Ya je ƙauyen ya zagaya gonar, ya ga karan masara a tsaye inda takarda ta ce masara. Ya ɗauke ta. Ya ɗauki wasu mata daga wajen Kafur da wasu ƙanne daga Danja, waɗanda da kundin farko aka bi, da ba a san da su ba.

Da bazara ta kawo jiki aka kawo mata irin a buhu mai ɗinki da tambari. Na je ranar. Ta hana kowa buɗewa, ta sa an kai shi ɗakinta, ta ɗora a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi. Alhaji ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce ko za a ɗan auna masa tiya ɗaya ya gwada a gefen gandu.

Yaya ta ce, "Je ka kawo tarihin gonarka, sai a duba."